Lallen Yatsa Ɗaya

"Malam Awwalu, don Allah kada ka ƙara zuwa gidan nan."

Awwalu ya tsaya da ƙafa ɗaya a cikin zaure, ɗaya a waje, lemarsa tana ɗigar da ruwan Fatakwal. Ko sallamarsa ba a gama amsawa ba. Ya ɗauka wasa ne, har ya fara murmushi, sai ya ga idon Safiyatu ya yi ja.

"Me na yi, Safiya?"

"Ba ka yi komai ba."

"To me aka ce na yi?"

"Ba a ce komai ba. Ni ce na sake shawara."

"Bayan shekara guda? Bayan na ɓata da mahaifiyata a kanki?"

Ba ƙarya ya yi ba. Can a Anacha danginsa 'yan kasuwa ne na asali, tun kakansa suke saukar da wake da albasa a bakin kogi, kuma da uwarsa ta ji cewa bazawara ce yake nema, 'yar mahauta kuma, wata uku ba ta amsa wasiƙarsa ba. A nan ɓangaren ma ba daɗi. Baba Dogara, mahaifin Safiyatu, daɗaɗɗen mafeɗi ne a kamfanin fatu da ƙiraga na Trans-Amadi, inda Awwalu yake akawun biya. Da aka aika masa da maganar aure, amsa ɗaya ya bayar, bai ƙara ba.

Ya ce, "Bazawara ce, tana da ra'ayinta. Amma mutumin da ya san albashina har kwabo, yaya za a yi ya durƙusa ya gaishe ni da gaske? Muddin makullin akwatin biya yana hannunsa, ba da bakina ba."

Haka aka zauna shekara guda, ba a ɗaura ba, ba a kuma kore shi ba. Sai yau.

"Dube ni ki faɗa," in ji Awwalu.

Ta ƙi ɗagowa. Ta kai hannu ta gyara mayafi, a nan ne idonsa ya sauka kan hannunta na dama. Babban yatsanta ya sha lalle har ya yi baƙi, sauran huɗun kuwa fes, ko alamar ƙunshi babu. Ta ga yana kallo, ta yi sauri ta cusa hannun cikin mayafi.

Ƙarar ƙararrawar keke ta katse su. Gimba ne, helma, wato shugaban masu fiɗa, ya jingine sabon kekensa a bango kamar gidan ubansa, ya shigo yana kaɗe hula.

"A'a, akawu! Yau ba a lissafi ne?"

"Yau Lahadi ce."

"To madalla. Safiya, Baba yana ciki?"

"Yana ciki, Helma."

Ya ɗaga labule ya wuce kai tsaye. Awwalu da ya shekara yana tsayawa a zaure ya bi labulen da kallo, sannan ya juyo wurinta.

"Shi ne?"

Hawaye ya zubo mata. "Ka tafi kawai, Malam. Ruwa zai ƙaru."

Ya tafi, bai ma tuna ya buɗe lemar ba sai da ya kusa ƙarshen layin Hausawa.

Duk wanda ya ce aikin akawun biya hutu ne a inuwa, bai taɓa zama a kujerar ba. Mutum ɗari da arba'in ne a littafin Awwalu, bakwai daga ciki sunansu Audu, kuma kowane Audu ya rantse an ba ɗaya Audun ladan ƙarin awarsa. Wanda ya yi fashi kwana uku zai zo da shaidu cewa yana nan. Wanda aka haifa wa ɗa zai tare shi a ƙofar masallaci yana neman a ba shi na wata mai zuwa tun yanzu. Manaja yana ganin Bahaushe ne, lalle yana rufa wa 'yan'uwansa asiri. 'Yan'uwan kuwa da ya doso majalisa sai hira ta koma kan ruwan sama, don sun yarda shi ne kunnen Bature. Ya san wanda aka rage wa albashi, ya san wanda za a sallama ƙarshen wata, kuma dole ya gaisa da su yana dariya bakinsa a rufe.

Akwai kuma abu ɗaya da ya sani wanda ko wa kansa ba ya son faɗa.

Masu fiɗa suna fara aiki tun asuba a mayanka, nesa da ofis, saboda haka ba sa bin layin biya. Ƙarshen wata helma ne yake karɓar takardar da ambulan-ambulan ɗinsu, kowa ya dangwala yatsa a gaban sunansa, ya dawo da ita. Yatsan Baba Dogara ba ya ɓuya. A katinsa na ɗaukar aiki, mai shekara goma sha huɗu, wani tsohon tabon wuƙa ya raba zanen yatsan gida biyu. Wata biyar ke nan tabon ya ɓace daga takardar biya. Yatsan da ke zuwa yanzu ƙarami ne, sumul.

Tun watan farko ya gani. Amma wa zai tambaya? Mutum ba ya tsare wanda yake neman 'yarsa ya ce masa, Baba, ka karɓi albashinka? Ko a hanya suka hangi juna kowa kaucewa yake yi, haka kunya ta tanada. Sai ya ce wa ransa wataƙila tsohon ya gaji ne yake sa wani ya dangwala masa. Ya sa hannu a ƙasan takardar, ya rufe. Wata biyar yana sa hannu.

Ranar Talata Mista Wokoma, babban akawu, ya kira shi. Dattijo ne ɗan garin, mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya, kuma ya shekara shida a Jos har Hausa ta kama bakinsa sama-sama.

"Awalu, siddon. Sabon manaja ya ce a reshen Inugu an kama sunaye tara, babu mutum a baya. Mutum ya mutu, albashi yana tafiya. So, Friday, kowane kati, kowane dangwale, za mu duba ɗaya ɗaya da gilashi. You get any wahala for your book?"

"Babu, ranka ya daɗe."

Wokoma ya sauke tabarau ya dube shi ta sama. "Na you sign am o, kai ka sa hannu. Idan akwai, faɗa mini yanzu, ba Friday ba."

"Babu."

Da ya koma teburinsa ya tarar da Gimba zaune a gefen teburin yana wasa da marfin tawadar dangwale. Labari ya riga ya kai mayanka ke nan. A kamfanin nan ba a san ta inda magana take fita ba, amma kullum akawu ake zargi.

"Na ji za a yi duba," in ji Gimba.

"Ka ji daidai."

"Ai katunan nan sun tsufa. Ga ruwa, ga gara. In ɗaya ya ɓata, wa zai yi mamaki?"

"Wanne kake so ya ɓata?"

Gimba ya yi dariya, ya ajiye marfin. "Ni ban ce komai ba. Na dai san akwai sa hannunka sau biyar. Kuma na san akwai wanda in aka taɓa, ba kai kaɗai za ka yi kuka ba. Ka yi tunani, akawu, ai tunani ne aikinka."

Ya fita yana fito.

Daga nan Awwalu ya kasa aikin kirki. Zuciyarsa ta dinga saƙa masa abubuwa iri-iri, kowanne ya fi na baya muni. Ko Gimba ne yake cinye albashin tsohon? To me ya sa tsohon bai yi ƙara ba? Ko sun haɗa baki ne? Ko kuɗin auren Safiyatu ne ake karɓa ta wannan hanya, shi kuma yana sa musu hannu kamar wawa? Da ya tuna yadda Gimba ya ɗaga labulen nan, sai ya ji har kunnuwansa sun yi zafi. Kishi ne, ba sai an ɓoye ba, kishi mai ciwo.

Ranar Laraba aka kawo sabon lebura a yi masa kati. Awwalu ya kama yatsansa ya danna a tawada, ya danna a kati. Mutumin ya goge a riga, ya goge a bango, ya tofa yawu ya murza, shunin nan yana nan daram a gefen farce.

"Malam, wannan abu ba ya fita ne?"

"Sai ya kusa mako."

Yana faɗin haka alƙalami ya tsaya a hannunsa. Ranar Asabar aka yi biya. Ranar Lahadi ya je zance, ya ga lalle a yatsa ɗaya. Ya koma baya cikin ransa, wancan watan, da wanda ya gabace shi, ya tuna har ya taɓa tsokanarta cewa ko lallen ya yi tsada ne take sa wa ɗai-ɗai. Ya jawo takardar biya ya sake duba ɗan ƙaramin yatsan nan, nan take ya gane na wa ne.

Washegari da azahar bai je cin abinci inda ya saba ba. Ya hau keke ya nufi rumfar Safiyatu da ke bayan mayanka, inda take sayar wa ma'aikata tuwo da miyar taushe. Ya jira har na ƙarshe ya wanke hannu ya tafi.

"Ba na ce kada ka zo ba?"

"Gida kika ce. Nan kasuwa ce. Ba ni hannunki in gani."

"Malam, mutane suna kallo."

"Ba taɓawa zan yi ba. Buɗe kawai."

Ta waiga dama da hagu. Sannan ta ajiye mara, ta buɗe tafin hannunta. Lallen ya fara kodewa, kuma can gefen farcen, a ƙarƙashin jan, ga shunin tawada.

"Inna lillahi," in ji Awwalu a hankali. "Safiya, kin san abin da kika yi? Kotu ake kai mutum a kan wannan."

"Na sani."

"Gimba ne ya sa ki?"

"Ni na miƙa hannuna. Da ya ce zai nemo wani, na ce a'a, asirin ubana ba zai ƙara fita zuwa wani gida ba."

"Wane asiri? Ina kuɗin suke zuwa? Wata biyar ina sa hannu a kan ƙarya, ke kuma kina kallona kina mini dariya a zaure. Na ɗauka ko duk Fatakwal za su mayar da ni kunnen Bature, ke ba za ki yi ba."

Sai ta fashe da kuka, ta zauna a kan benci ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Kana ganin daɗi nake ji? Duk ranar da ka zo sai na ɓoye hannu kamar ɓarauniya. Ina son in faɗa maka, bakina ya ƙi. In na faɗa maka na ɗora maka kaya. Ka yi shiru ka zama maƙaryaci a wurin aikinka, ka yi magana ka kashe ubana. Wanne zan zaɓa maka? Gara ka tsane ni ka tafi."

"Me ya sami Baba?"

"Ba shi da yatsan, Malam."

"Kamar yaya?"

"An yanke. Wata biyar da suka wuce, ranar da shanu suka yi yawa, Helma yana ta azalzalarsu, ya sa aka fara fiɗa kafin a ɗaure saniyar da kyau a ƙugiya. Naman ya zame, wuƙa ta bi ta kan hannun Baba. Aka ɗaure da tsumma aka kawo shi gida. Ya kumbura, ya fara wari, da muka je asibiti likita ya ce sai an cire. Mafeɗi ba babban yatsa, da me zai riƙe wuƙa?"

Awwalu ya nemi wuri ya zauna. Ya tuna sau biyu da ya hangi tsohon daga nesa, hannunsa na dama cikin aljihun riga, shi kuma ya kauce hanya saboda ladabi.

"Me ya sa ba a kawo rahoto ofis ba?"

"Helma ya ce in kamfani ya ji, a ranar za a kore shi ko sisi babu. Ga shi saura wata bakwai ya cika shekara goma sha biyar ya sami kuɗin sallama, da shi yake son ya koma Gusau ya mutu a ɗakinsa. Sai Helma ya ce zai rufa mana asiri. Baba yana zuwa da asuba ya zauna a gefe, abokan aikinsa su yi nasa. Rabin albashin Helma yana riƙewa, wai na masu taimako."

"Sannan ya ce a ba shi ke."

"Bai ce a ba shi ba. Cewa ya yi mai rufa wa gida asiri ya kamata ya zama ɗan gida. Ya ce in na auri akawu, wata guda ba za a yi ba Bature zai ji. Baba bai tilasta mini ba, wallahi ko sau ɗaya. Amma ina ganin yadda yake rasa inda zai sa idonsa in Helma ya shigo." Ta share hanci. "Ba na son sa, Malam. Ko muryarsa ba na son ji. Kai nake so, kai ma ka sani. Amma ubana ne."

Tausayi ya kama Awwalu, haushi kuma ya fi tausayin yawa.

"Ranar nawa ga wata abin ya faru?"

"Me ya kawo wannan?"

"Faɗa mini."

"Kwana uku bayan ƙaramar salla."

Ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa. Ya miƙe tsaye.

"Rufe tukunyarki. Yau zan shiga wurin Baba."

"Ba zai yarda ya gan ka ba."

"Kunyar nan ce ta kai mu inda muke. Mu je."

Baba Dogara yana kan buzu a ƙofar ɗakinsa lokacin da Awwalu ya yi sallama ya cire takalmi ya durƙusa. Tsohon ya yi saurin tura hannu cikin riga, ya harari 'yarsa.

"Kin faɗa masa."

"Shi ya gane, Baba."

"To, akawu, ka samu abin kai wa maigidanka. Je ka."

"Baba, ka gafarce ni, zan yi maganar da ba ta dace da bakina ba." Ya ciro wani ɗan littafi mai koren bango daga aljihu. "Wannan dokar kamfani ce, kowane helma an karanta masa ita ranar da aka naɗa shi. Wanda ya ji rauni a bakin aiki ba a korarsa haka nan. Ana biyansa diyyar gaɓar da ya rasa, a ba shi aikin da zai iya, gadi ko auna gishirin fata, shekarunsa kuma suna nan ba a taɓa su. Sharaɗi ɗaya ne, a kawo rahoto kafin wata shida. Saura kwana tara."

Tsohon ya ƙura masa ido. "Gimba ya san wannan?"

"Ya sani. Ya kuma san shafin da ke biye, cewa helman da aka ji rauni saboda gangancinsa sauke shi ake yi."

Tsohon ya miƙa hannun hagu ya karɓi littafin.

"Ta yaya zan san ba dabara ba ce? Ku masu biro, ku karanta abin da kuka ga dama, mu dangwala."

"Kada ka yarda da ni, Baba. Kai littafin wurin duk wanda ka amince da shi ya karanta maka."

Baba Dogara ya daɗe yana juya littafin da hannun hagu, kamar zai ji nauyin gaskiyarsa. Can ya zaro hannun daman ya ɗora a gwiwa. Awwalu ya kawar da kai, idonsa ya cika.

"In ka rubuta ranar da abin ya faru," in ji tsohon, "za su ce to wa ya yi ta dangwalawa wata biyar."

"Za su ce."

"Me za ka ce musu?"

"Wannan ka bar mini, Baba. Gobe ƙarfe tara ka zo ofis."

Safiyatu ta biyo shi har zaure. "Malam, me za ka ce musu?"

Ya sa takalminsa ya fita, don shi ma bai gama sani ba.

Ranar Juma'a Mista Wokoma ya baje katuna a babban tebur, gilashin dubawa a hannunsa. Gimba yana tsaye a baranda tare da sauran helmomi, yana ta leƙe ta taga. Da ya ga Baba Dogara ya shigo harabar, hannunsa a waje kowa yana gani, 'yarsa a bayansa, sai fara'arsa ta ɗauke.

Awwalu bai jira a zo kan sunan ba. Ya zaro katin da kansa, ya haɗa da takardun biya biyar da takardar rahoton rauni, ya ajiye gaban Wokoma.

Wokoma ya karanta rahoton. Ya sauya tabarau. Ya ɗora gilashi a kan katin, ya ɗora a kan takardun ɗaya bayan ɗaya.

"Awalu. Tuesday na tambaye ka."

"Ka tambaye ni, ranka ya daɗe. Na yi maka ƙarya."

"Tun yaushe ka gani?"

"Tun watan farko."

"And you sign. Five times."

"Na sa."

"Yatsan wa?"

"Mutumin yana raye, ga shi can a waje, kullum yana zuwa wurin aiki. Helma ya ɓoye rauninsa, yana kuma riƙe rabin albashinsa, a tambayi masu fiɗa. Dangwalen kuwa aikina ne in duba, na gani na wuce da shi. Laifin a kaina yake."

"Ba wannan na tambaya ba. Whose finger?"

"Ba zan faɗa ba, ranka ya daɗe."

Wokoma ya sake duban ɗan yatsan nan. Ya ɗaga kai ya dubi taga, inda wata mace take tsaye ta naɗe hannunta na dama cikin mayafi. Ya daɗe yana kallo.

"Idona ya tsufa," in ji Wokoma. "Wannan ya dame, ba na ganin komai." Ya tura takardun cikin aljihun tebur ya rufe. "Amma sa hannunka ina gani sarai. Manaja zai so kan mutum ɗaya, you sabi. Kawo makulli."

Awwalu ya ciro makullin akwatin biya daga zaren da ke wuyansa. Shekara huɗu yana kwana da shi. Ya ajiye a tebur.

"Kira baban ya dangwala rahoto. Left hand. Sannan a kira mini wannan helma."

Aka shigo da Baba Dogara. Awwalu ne ya kama babban yatsansa na hagu, ya danna a tawada, ya danna a takarda, aikinsa na ƙarshe a ofishin. Suna fitowa Gimba yana shiga, ya buɗe baki zai yi magana, tsohon ya ɗaga masa hannun nan marar babban yatsa a fuska, ya wuce.

A bakin ƙofar kamfani Safiyatu ta kasa riƙe kuka. "Sun kore ka saboda mu. Me za ka gaya wa mutanen Anacha? Da ma sun ce ni ba alheri ba ce."

"Zan gaya musu gaskiya. Bari kuka, ana kallonmu."

Baba Dogara yana gaba yana ta murza yatsansa a riga, tawadar ta ƙi fita. Ya tsaya, bai juyo ba.

"Kai, akawu."

"Na'am, Baba."

"Ina makullin nan?"

"An karɓe."

"Ba za a mayar maka ba?"

"Ba na zato."

"Yanzu ke nan ba ka san nawa za a riƙa biyana a aikin gadi ba?"

"Ban sani ba, Baba. Ba kuma zan sani ba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ci gaba da tafiya taku biyu, sannan ya ce, kamar da hanya yake magana, "Awwalu, ka aika Anacha. Ka ce manyanka su zo."

Wannan ne karo na farko da ya kira sunansa. Awwalu ya durƙusa nan cikin taɓon bakin hanya, da farin wandonsa na ofis, ya gaishe shi.